Baho da Rariya

"Wannan ba dish ba ne," in ji Baba. "Rariya ce. Sauke ta ka kai wa uwarka ta tankaɗe gari."

"Naka kuma baho ne," na ce.

"Me ka ce?"

"Baho. Irin na wankin kaya."

Ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar a nan ya ajiye amsa, ya mayar. Muna saman rufin gidanmu, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. A gefensa nasa dish ɗin ne, farin ƙarfe cikakke, ba huda ko ɗaya, ya fi faɗin hannuwana in na buɗe su. A gefena nawa, na raga, baƙi, ana hango tagar maƙwabta ta cikinsa. Ranar Laraba ce. Saura kwana uku.

Yayata ce dalili. A gida Aku ake ce mata, don tun tana ƙarama bakinta bai san hutu ba. Ta sami aiki a wani ƙaramin gidan talabijin, tafiyar kwana biyu a mota daga nan. Ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma za su sa ta karanta hasashen yanayi. Minti huɗu. Gwaji ne, in ba ta yi musu ba, babu na biyu. Tashar ba ta zuwa ta eriya, ba ta da shafin da ake kallo a waya. Tana kan wani tauraron ɗan'adam can ƙasa-ƙasa wajen gabas, dab da saman benen makaranta.

Umma magana ɗaya ta yi. "Ni dai in ga 'yata a cikin akwatin nan. Ba a ba ni labari ba, ba a turo min guntu daga baya ba. In gan ta lokacin da kowa yake ganinta."

Shekara biyu rabonta da Aku.

Baba ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota. Da gwiwa ta sauke shi, sai ya koma farautar tashoshi. Ba kallo yake yi ba. In ya kamo tasha, ya rubuta sunanta a wani tsohon littafi, ya wuce gaba. Ya taɓa kamo wata wadda ba a nuna komai a cikinta sai kifaye suna yawo a ruwa. Mako guda ya yi yana ba masu shago labari.

Ni kuwa na gama sakandare shekaran bara. Sakamako ya fito, ba yabo ba fallasa. Ba inda aka kira ni. Rufi ya fi ɗaki iska, kuma a can ba mai tambayata ya ake ciki. Dish ɗin ragar a wurin mai tsofaffin ƙarafa na samo shi, a lanƙwashe. Mako shida na yi ina miƙar da haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Shi kaɗai ne abin da na fara kuma na gama tun da na bar makaranta.

"Saurara, Injiniya," in ji Baba. Haka yake kirana in zai yi min ba'a. Sauran lokuta Auta ne. "Sigina kamar ruwan sama yake. Daga sama yake zubowa. Ka taɓa ganin wanda ya tari ruwan sama da rariya?"

"Sigina ba ruwa ba ne. In hudar ƙarama ce, bango yake gani."

"Bango?"

"Bango."

Ya zaro biro daga aljihu, ya zura a ɗaya daga cikin hudojin. Biron ya wuce sumul, ya faɗi ta baya.

"To ga bangonka."

Wannan ta yi min ciwo, don da gaskiyarsa. Siginar wancan tauraron siriri ne. Hudar da biro zai wuce, shi ma zai wuce. Amma ban yarda a fili ba.

"Naka fa?" na ce. "In iska ta taso lema yake zama. Bara juya shi ta yi, ya kwana yana kallon tanki."

"Noti ne ya saki."

"Iska ce ta sake shi."

"Kai da aka haifa jiya!"

Daga ƙasa Umma ta leƙo ta tagar falo. "In kun gama zagin kayan kicin ɗina, shayi ya huce."

Washegari da safe na ɓamɓare wayar sauro ta tagar ɗakina, irin mai ƙananan ido, na shimfiɗa ta a cikin dish ɗina, na ɗaure da siririyar waya. Yanzu ko allura sai ta yi dabara kafin ta wuce. Iska kuma har yanzu tana samun hanya. Baba ya zo da bironsa, ya gwada, biron ya ƙi shiga.

"An yi wa rariya ɗan kamfai," ya ce.

Dikoda ɗaya gare mu, wayoyi biyu. Kowacce ta sauko daga rufi ta shiga ta tagar falo. Baba ya naɗa jan salatif a bakin tasa, wai kada a yi kuskure a haɗa shi da rariya. Muka yi yarjejeniya: kowa rabin awa, wanda ya fara kamo tashar, da nasa za a kalli Aku.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya a sama yana juya dish a hankali, ɗaya a falo yana kallon koren layin da ke tashi a talabijin yana kwaɗa kira. Dā Aku ce mai kiran, ita lamba take faɗa, arba'in, hamsin, koma baya. Yanzu Umma ce. Umma ba ta ganin lambar sai da tabarau, tabarau kuma ta ce tsufa yake sa ta. Baba ya ƙi in zauna a falo in duba masa, wai zan yi masa ƙeta. Ni ma na ƙi ya duba min. Sai muka zauna a sama mu biyu, kowa yana gadin kowa.

Baba ya fara. Ya saki noti, ya dafa gefen bahon, yana turawa kamar mai buɗe ƙofar ɗakin da jariri ke barci. A ƙasan layinmu mai walda yana yankan ƙarfe, sai mun kasa kunne.

"Babu!" in ji Umma daga taga. "Babu! Babu! Dama!"

Baba ya tura dama.

"Ya tafi!"

Ya dawo baya.

"Dama-dama!"

Ya tura dama da ƙarfi, tunda sau biyu aka faɗa.

"Ya tafi gaba ɗaya!"

Rabin awarsa ta ƙare a haka. Na sauka na canja waya, na hau, na kama nawa. Abin da ya same shi shi ya same ni. Da na ji dama, in juya dama, sai kuma in ji ya tafi. Na bi dama har dish ɗina ya koma yana kallon shagon mai aski.

"Yoyo take yi," in ji Baba. "Yana shiga yana zubewa."

"Naka ma ai bai kama ba."

"Nawa ya fi ƙarfin tashar ne. Ƙaramar tasha ce, tsoronsa take ji."

Haka Alhamis ta wuce. Haka Juma'a. Sauro kuma suka gano tagata ba waya, suka gayyato dangi. Na tashi fuska duk ƙurji. Baba ya dube ni ya ce aƙalla rariyar ta kamo wani abu.

Ranar Juma'a da yamma na tarar da Umma tana goge atamfarta mai ruwan zuma, wadda ba ta sa wa sai za a je wuri mai muhimmanci.

"Ina za ki, Umma?"

"Falo," ta ce. "Gobe. Kana so 'yata ta fito a talabijin ina zaune da zanen girki?"

"Ai ba ta ganinki."

"Ni ina ganin kaina."

Ta ci gaba da guga. Can ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Auta, in ba zai yiwu ba ku faɗa min tun yanzu. In daina sa rai."

Ban iya irin wannan maganar ba. Na koma rufi na zauna kusa da tanki har aka kira ni cin abinci.

Asabar da azahar Baba ne a kai. Rana ta yi zafi, na ce bari in sha ruwa. Ya ce in je, amma kada in taɓa masa jar wayarsa. Na sauka, na ɗebo ruwa, na tsaya a ƙofar falo da kofi a hannu. Umma tana tsaye, rabin jikinta a taga, wuyanta a juye wajen talabijin. Ina jin ƙarar bahon a sama, ƙiii, ƙiii.

Koren layin ya motsa. Ashirin. Arba'in da biyar. Saba'in. Har hoto ya fara haɗuwa.

Umma ta tura kai waje. "Da dama!"

Ƙiii.

Sifili.

Na ajiye kofin. "Umma, me kika ce masa?"

"Na ce da dama. Ai ya taso. Ba ka gani ba?"

"Ba hannun dama kike nufi ba?"

"Wane hannu? Ni ina ganinku ne da zan san hannun da kuke juyawa? In layin ya ɗan tashi in ce da dama, in ya ƙara in ce dama-dama. Sai ku kuma ku kore shi. Kwana uku ina mamakin me ke damunku."

Na jingina da bango. Dariya ta zo min, na danne, ta ƙi dannuwa. Rabon da in yi irinta tun muna aji biyar. Umma ta tsaya tana kallona, sai ta gane, ta zauna a hannun kujera tana riƙe ciki.

Jar waya ce a jikin dikoda. Baho ne ya kai saba'in. Na ga wannan sarai. Na san in na yi shiru, na jira rabin awata, zan kamo tashar a minti biyar, Baba kuma ya yi ta bin dama har gobe. Na yi tunanin haka daga matakala ta farko har ta bakwai. A ta takwas na daina.

Da na gaya masa, sai ya kifa bokiti ya zauna a kai. Ya cire hula. Bai ma leƙa cikinta ba.

Can ya miƙe, ya je bakin rufi. "Ke! Kwana uku kina tura ni dama!"

"Ni ban tura ka ko'ina ba, Malam!" in ji Umma. "Shekara talatin kana tuƙi, ba ka san inda ake taka birki ba?"

Mai walda ya kashe injinsa don ya ji da kyau.

Aka canja kalma. Yanzu in layi ya tashi, "Tsaya!" za ta ce. Cikin minti goma baho ya tsaya a saba'in da ɗaya. Muka sauka da gudu, gudun da gwiwar Baba ta yarda da shi. Ga tashar nan tas, ana tallan sabulu. Baba ya tsaya gaban talabijin hannu a ƙugu kamar shi ya ƙera sabulun.

"Gwada rariyarka," ya ce. "Kada a ce na danne yaro."

Na gwada. Hamsin da takwas. Hoton ɗaya ne, sabulun bai rage kumfa ba. Amma saba'in da ɗaya ta fi hamsin da takwas, ko ni da lissafi ya kayar na san wannan.

"Ta yi ƙoƙari," in ji Baba. "Ranar da za a tankaɗe gari za mu neme ta."

Ya mayar da jar wayarsa da hannunsa. Ni na koma sama, na ɗaure notocin nawa tam a inda yake. Ban san dalili ba. Ba na son barin abu a sake.

Ƙarfe huɗu da rabi iska ta taso. Ba ruwa, iska kawai, irin mai kwashe leda ta kai ta saman waya. Na kwaso shanya. Umma ta fito cikin atamfa mai ruwan zuma, har da ɗankunne da turare. Ta zauna a tsakiyar kujera. Ta sa tabarau. Ba wanda ya ce komai a kai.

Biyar saura minti bakwai, mai karanta labarai yana tsakiyar magana, fuskarsa ta farfashe ta zama ƙananan akwatuna. Bakinsa ya koma gefen kunne. Ya dawo. Ya sake farfashewa. A sama muna jin baho yana gunji, gub, gub.

"Noti ne," in ji Baba. Bai kalle ni ba.

Ya ɗauki sifana ya hau. Muna jin takunsa, ɗaya da nauyi ɗaya da ja. Noti ba zai yi komai ba, na sani. Sandar ce kanta take rawa. Bayan ɗan lokaci ya kwaɗo kira, "Na rungume shi! Ya ya?"

"Tsaya!" in ji Umma. "Ya tafi! Tsaya! Wayyo, ya tafi!"

Saura minti huɗu. Ta daina kira. Ta haɗa hannuwa a cinya tana kallon baƙin gilashi. Ɗankunnenta ɗaya yana rawa.

Na durƙusa bayan talabijin. Na kwance jar waya, na ɗaura tawa.

Hamsin da shida. Ya tsaya cak. Mai labarai ya dawo da bakinsa a inda Allah ya sa shi.

Umma ta kalli talabijin, ta kalle ni, ta kalli wayar da ke hannuna. Sannan ta tashi ta je taga. "Tsaya a nan, Malam! Kada ka motsa!"

"Na riƙe shi!" in ji Baba, muryarsa cike da murna. "Na ce muku sai an san kansa!"

Ta dawo ta zauna. Sai kuma ta ce a hankali, "Ba zai gan ta ba ke nan."

Saura minti biyu. In na ce masa ya saki ya sauko, zai tambayi dalili. In na faɗi dalili, zai sauko, amma ba Baban da ya hau ne zai sauko ba. Mutum ne da aka ƙwace wa sitiyari, bahon nan kaɗai ya rage masa da yake juyawa.

Na hau.

Na same shi ya manna ƙirji a bayan dish, ƙafa ɗaya a jikin tanki, riga ta cika da iska, hula ta tafi.

"Baba, sauka. Ni zan riƙe."

"Ba za ka iya ba."

"Nuna min."

Ya dube ni da ido ɗaya. "Kafaɗa a nan. Ƙafa a can. In ta turo, kada ka yi faɗa da ita, ka jingina kawai. Ko kunama ta harbe ka kada ka motsa."

"To."

"Auta. Kai fa ba za ka gan ta ba."

"Na gaji da ganinta. Shekara goma sha tara."

Ya sauka da sauri har yana mantawa da gwiwa.

Na sa kafaɗa a inda ya ce. Na sa ƙafa a inda ya ce. Na rungume dish ɗin da ba a haɗa shi da komai ba, wayarsa tana kwance a ƙasan falo. Na so in saki, amma daga tagar falo ana ganin inuwar baho a bangon maƙwabta, kuma na san Baba zai leƙa. Iska ta turo. Na jingina. A gefena rariyata tana tsaye ko gezau, iska tana wucewa ta cikinta tana ɗan fito kamar mai kiran kare.

Sai na ji Umma ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Bayanta kuma muryar Aku, an ƙure sauti har mai walda zai ji. Muryarta ce, amma an goge ta, an ninke. Tana cewa barkanmu da yamma. Tana faɗin zafi da sanyi na garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Ba ta yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Wajen ƙarshe ta ce, "Za a ci gaba da samun iska mai ƙarfi, masu kaya a saman rufi su ɗaure su da kyau."

Dariyar Baba ta fito ta taga har ta fi iskar ƙarfi.

Minti huɗu ba su da yawa, sai in kana riƙe da baho. Da na ji kiɗan rufewa na saki. Ya yi gub, ya juya, ya koma kallon tanki.

A falo Umma ta cire tabarau tana share ido da bakin ɗankwali. "Shuɗiyar riga ta sa, Auta. Ta rame kaɗan. A'a, ba ta rame ba, talabijin ne. Ka ga yadda take nuna taswira da hannu? Au, ba ka gani ba. Haka take yi, haka."

Baba yana zaune a ƙaramar kujera kusa da talabijin. Jar wayar tana ƙasa, dab da babban yatsansa. Na manta ban tura ta baya ba. Ya kalle ta. Ya kalle ni. Ya sa ƙafa ya tura ta ƙarƙashin tebur a hankali.

"Hannunka ya gaji?" ya ce.

"Kaɗan."

"Ka riƙe da kyau. Ko motsi hoton bai yi ba."

"Yadda ka nuna min na yi."

"Na ga alama." Ya shafa kansa inda hula take dā. "Gobe za a sayo wayar taga. Fuskar nan taka ta fara ba mutane tsoro."

Wayar Umma ta yi ƙara. Ta danna ta buɗe sauti ta ɗora a cinya.

"Umma! Kun gan ni? Kun gan ni?" Wannan ce muryar Aku ta gida, ba guga ba ninki. "Sun ce in dawo mako mai zuwa! Baba yana nan? Ina Auta, ya yi min dariya ko?"

"Lokacin yana sama yana aiki," in ji Baba. "Babban aiki."

"Kai, Injiniya! To ku tsaya, Umma ta ba ni labarin rigimarku tun ranar Laraba. Da wanne kuka kamo ni? Bahon Baba ko rariyar Auta?"

Umma ta shiga goge tabarau da ba su da datti. Baba ya ɗaga kai yana nazarin silin. Ni na sami wani ƙurjin sauro a wuya da yake buƙatar susa.

"Kuna ji na kuwa?" in ji Aku. "Na ce da wanne?"